Tagullar Marwa Amri da lissafin da ke gaban iyayen 'yan mata a Makka da Jidda

Ranar 17 ga Agustan 2016, a birnin Riyo na Brazil, ƙuri'a ta haɗa Marwa Amri 'yar Tunisiya da Kaori Icho ta Japan a ajin kilo 58 na kokawar mata ta Olamfik. Icho ta shigo filin ne da zinaren Olamfik uku a jere, na Atina a 2004, na Beijin a 2008 da na Landan a 2012, tana neman na huɗu. Ta kuwa doke Marwa tun gasar ba ta yi nisa ba. Da a fagen kokawarmu ta gargajiya ne, da zance ya ƙare, domin kaye ɗaya ke raba gardama, wanda ya sha ƙasa sai ya kakkaɓe jiki ya koma cikin 'yan kallo.

Dokar kokawar Olamfik ta bar wata 'yar ƙofa. Duk wadda ta faɗi a hannun ɗaya daga cikin biyun da suka kai wasan ƙarshe, ana sake dawo da ita ta nemi tagulla, bisa hujjar cewa mai yiwuwa gwana ce, sa'ar ƙuri'a ce kawai ba ta yi ba. Icho ta kai wasan ƙarshe, sai Marwa ta farfaɗo. Ta haye zagayen ceto, ta doke Yuliya Ratkevich ta Azarbaijan, ta zama mace ta farko daga Afirka da ta ɗauki lambar Olamfik a kokawa. A wannan ajin, a wannan yammacin, Sakshi Malik ta Indiya ta ɗauki ɗaya tagullar, ita ma ta wannan ƙofa ta dawo, ita ma ta farko a kokawa cikin matan ƙasarta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin Marwa shi ne tsawonsa. An haife ta a 1989. Tana da shekara 19 ta je Beijin, ta dawo hannu rabbana. Tana da 23 ta je Landan, haka ta sake dawowa. Sai a karo na uku, tana da 27, lambar ta zo. Shekara guda bayan haka ta kai wasan ƙarshe na gasar duniya a Paris, inda Helen Maroulis ta Amurka ta doke ta da ci 11 da nema, ta tashi da azurfa. Ba ta tsaya ba, ta sake zuwa Tokyo tana da 32. Hukumar wasa mai gajen haƙuri da ta sallame ta tun bayan Landan, ta ce an ba ta dama har sau biyu ba ta kawo komai ba. Haka ake asarar gwanaye a ƙasashe da yawa, ana sare bishiyar ana saura kaka ɗaya ta yi 'ya'ya.

Dalilin da ya sa nake kawo wannan labari ga Hausawan Saudiyya shi ne, ƙofar wasanni ta buɗe wa 'yan mata a ƙasar nan, kuma iyaye da yawa ba su san abin da ke bayanta ba. A 2012 Saudiyya ta fara tura mata Olamfik, Sarah Attar a tsere da Wojdan Shaherkani a judo. A 2017 aka amince da darasin motsa jiki a makarantun gwamnati na 'yan mata. Dunya Abutaleb ta ci tagulla a gasar tekwando ta duniya a 2022, ta kuma kai Olamfik ɗin Paris da ƙarfin kanta, ba da katin gayyata ba. Riyad ce za ta karɓi wasannin Asiya a 2034. Sunan Hausawi kuwa ba baƙo ba ne a filayen ƙasar, tunda mutum uku masu wannan suna, Usama da Umar da Mu'utaz, suna cikin tawagar ƙwallon ƙafa da ta je gasar cin kofin duniya ta 2018. Kokawa gadonmu ce, duk wanda ya taɓa sauraron gasar takobi ta Nijar a rediyo ya san haka. Ban ga dalilin da zai sa rabon 'ya'yanmu mata a wannan fage ya zama kallo kawai ba.

Sai dai a fara raba tsaki da tsakuwa. Idan aka ce kokawar mata a gidaje da yawa, abin da ke faɗo wa mutane shi ne wasan WWE, wanda aka fara sa mata a cikinsa a Riyad ranar 31 ga Oktoban 2019. Wancan wasan kwaikwayo ne mai buƙatar ƙarfin jiki, an san wadda za ta ci tun kafin a hau. Kokawar Marwa daban ce. Ana yin ta a kan katifa mai mita 12 tsawo da 12 faɗi, da da'irar mita 9 a tsakiya, wadda mita ɗaya na bakinta ke da launi daban don gargaɗi. Zagaye biyu ne na minti uku-uku, da hutun daƙiƙa 30. Ba naushi, ba shaƙewa, ba murɗe gaɓa. Kai abokiyar karawa ƙasa tare da hawa bayanta maki 2 ne. Juya ta har bayanta ya fuskanci katifa maki 2. Ɗaga ta daga tsaye a jefar da ita kan baya maki 4, in jifar ta yi sama sosai 5. Wadda aka tura ta taka wajen da'ira ta ba da maki 1. Tazarar maki 10 tana tsayar da wasa, haka ma danne kafaɗu biyu a katifa. Wadda ke ta ja da baya ba ta kai hari, alƙali zai ba ta daƙiƙa 30, in ba a ci maki a ciki ba abokiyarta ta samu ɗaya.

Duk wanda ya fahimci wannan lissafi zai gane inda 'yan gargajiya ke tuntuɓe. Gwanin fage ya iya tsayuwa, ya iya taɗiya da hankaɗa, amma bai san komai a ƙasa ba, domin a wurinsa ƙasa ƙarshe ce. A katifa kuwa nan ake kwasar maki. Mai ƙwarewa in ta haɗe ƙafafun abokiyarta ta nannaɗe, sai ta mirgina da ita sau huɗu a jere, maki 8 ke nan a kan 2 na kayen farko, wasa ya ƙare cikin minti ɗaya. Saboda haka mai koyarwa na ƙwarai ba ya fara wa yarinya da dabarar jifa. Watannin farko na koyon faɗuwa ne ba tare da kafa hannu ba, da mirgine gaba da baya, da yin gada da wuya a hankali, da baje ƙugu a jefa ƙafafu baya idan an kawo cafkar ƙafa. Wurin da aka tsallake wannan aka shiga gwabzawa a makon farko, can ake samun gocewar gwiwar hannu da tsinkewar jijiyar gwiwa. Shekara 9 zuwa 12 ne lokacin farawa mafi dacewa, kwana uku a mako ya isa, kuma 'yan ƙasa da 17 zagayensu minti biyu-biyu ne.

Katifa ana saya da riyal, wannan ba matsala ba ce a Saudiyya. Abin da kuɗi ba ya kawowa da sauri shi ne abokan atisaye. Kokawa ba tsere ba ce da mutum zai yi shi kaɗai da agogo. Yarinya mai kilo 45 tana buƙatar aƙalla uku ko huɗu da ba su fi ta ko gaza ta da kilo uku zuwa huɗu ba, masu salo daban-daban, in ba haka ba za ta haddace jikin mutum ɗaya ta ɗauka ta iya. Ƙarfin Japan daga nan yake, ɗaki ɗaya cike da gwanaye masu kayar da juna kullum. Najeriya ma da ta tara 'yan kokawarta wuri guda a Bayelsa, ƙarƙashin shugabancin Daniel Igali wanda ya ci wa Kanada zinare a Sidni a 2000, ta samu azurfar Blessing Oborududu a ajin kilo 68 a Tokyo, lambar Olamfik ta farko da ƙasar ta taɓa ci a kokawa. Don haka kulob ɗaya mai 'yan mata ashirin ya fi kulob biyar masu huɗu-huɗu. Iyayen unguwa ɗaya, a ce Shara Mansur ta Makka ko Karantina ta Jidda, in za su sa 'ya'yansu, su sa su tare a wuri guda, su haɗa kuɗin mota.

Nauyi ne wurin da ake cutar da yara, kuma a nan ma Marwa abar koyi ce. Ta yi Beijin da Landan a kilo 55, Riyo a 58. Da aka sake fasalin azuzuwa aka bar 50, 53, 57, 62, 68 da 76 a Olamfik, 57 ya fi kusa da ita, amma a 62 ta fito a Tokyo. Tun 2018 ana gasa ne cikin kwana biyu, ana hawa sikeli da safiyar kowace rana. A Paris a 2024 Vinesh Phogat ta Indiya ta kai wasan ƙarshe na kilo 50, washegari sikeli ya nuna ta haura da giram 100, aka cire ta, ko azurfar ba ta samu ba. Wadda ta matse jikinta da ƙishirwa ta hau sikelin farko, dole ta ci ta sha don ta iya wasa uku, sai jiki ya mayar da abin da aka ƙwace masa cikin dare. Makarantun Amurka sun kafa ƙa'idar kada ɗalibi ya rage fiye da kashi 1.5 cikin ɗari na nauyinsa a mako, kuma kitsen jikin yarinya kada ya gaza kashi 12. Wato mai kilo 50 ba za ta sauke fiye da giram 750 a mako ba. Ra'ayina ma ya fi haka tsauri: yarinyar da ba ta gama girma ba kada a rage mata nauyi ko kaɗan, ta yi wasa a inda Allah Ya ajiye ta. Duk kocin da ya sa yarinya gudu cikin rigar leda a zafin Jidda, a ɗauke ta daga hannunsa a ranar. Uwa kuma ta lura da abu biyu da 'yarta ba za ta faɗa wa koci ba. Kwanakin gab da al'ada jiki na riƙe ruwa, sikeli ya hau ba tare da an ci komai ba. In kuma al'ada ta ɗauke wata uku, alama ce abinci bai kai aikin da ake yi ba, ƙashi na raunana, asibiti za a je. A watan azumi a mayar da atisaye mai nauyi bayan tarawihi.

Akwai ƙananan abubuwa da ke hana wasa ranar gasa. Likita na duba fata da farce kafin awo, kuma makero ɗaya a wuya ya isa a mayar da yarinya gida. Maganinsa goge katifa da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin kowane atisaye, hana takalmin waje hawa kanta, wanka nan take, da rashin aron tawul. Kunne in ya kumbura da jini, a kai wa likita ya zuƙe ya ɗaure cikin kwana ɗaya ko biyu, in aka bari ya daskare ya zauna haka har abada.

Maganar sutura ce babba, kuma ba na jin daidai ne a raina damuwar uba ko uwa a kanta. Rigar gasar ƙasa da ƙasa matsattsiya ce, tana barin hannaye da yawancin ƙafafu a waje, iyali da yawa ba za su yarda ba, kuma suna da hujjarsu. Amma atisaye a zauren mata zalla, da mai koyarwa mace, cikin dogon wando da riga mai dogon hannu, ba dokar da ta hana. Akwai kuma kokawar ɗamara da ake kira Alish, a ƙarƙashin hukumar kokawa ta duniya, wadda ake yi da wando da riga ana riƙe ɗamarar juna, matan Iran suna shigarta da lulluɓin kai. Doka kuma ba saukakkiya ba ce daga sama. Ɗaga ƙarfe ya yarda da rigar da ta rufe jiki a 2011, shekara biyar bayan haka Sara Ahmed ta Masar ta ci tagulla a Riyo da hijabinta. Ƙwallon ƙafa ta yarda da rufe kai a 2014, ƙwallon kwando a 2017. Ƙasar da za ta karɓi baƙuncin Asiya gaba ɗaya tana da bakin da za ta nemi irin wannan sauyi a kokawa, kuma za ta fi samun kunnen saurare in ta je da 'yan wasa a hannu waɗanda sutura ce kaɗai ta tsayar da su.

Saura takarda. Dokar Olamfik ta ce sai ɗan ƙasa ke wakiltar ƙasa. Hausawan nan kashi biyu ne, masu jinsiyya da masu zama da iƙama, wato takardar izinin zama, ko da a Makka aka yanke musu cibi. Yarinyar kashi na biyu za ta iya koyo a nan, amma tutar da za ta ɗaga ta Najeriya ce ko Nijar ko Sudan, ta hanyar gasar Afirka, wadda Marwa ta lashe sau da yawa kafin duniya ta san ta. Iyayenta su tabbatar fasfonta na da rai, ranar haihuwa iri ɗaya ce a kowace takarda domin da shekarar haihuwa ake raba azuzuwan matasa, sannan a tuntuɓi hukumar kokawar ƙasarsu tun tana 14 ko 15, da faifan bidiyon wasanninta. Mai jinsiyya kuwa lissafinta a fili yake: wadda aka haifa a 2015 za ta cika shekara 19 lokacin wasannin Riyad, daidai shekarun Marwa ranar da ta fara taka katifar Olamfik a Beijin.