Fiffiken bayan mota ba ya ƙara gudu, dan Allah a bar wannan musun

Jiya ma sai da muka sake wannan gardamar, wani abokina ya kafe wai fiffiken nan da ake ɗora wa motocin gudu a baya shi ke sa su tashi kamar jirgi. Nace masa malam ai ka juya zancen, aikinsa shine ya hana motar tashi. Fiffiken jirgin sama ne aka kife shi, na jirgi iska na ɗaga shi, na mota iska na danna shi ƙasa, tayoyi su kama kwalta gam, shi yasa direba zai sha kwana da gudun da in ni da kai muka gwada sai dai a je a tsinto mu a gefen titi. Kuma iskar ba aikin Allah take maka ba, sai ta karɓi ladanta, yadda take danna ka ƙasa haka take jan ka baya.

In kana musu duba Porsche 911 GT3 RS da suka fitar a 2022, wadda fiffikenta ya fi rufin motar tsayi. A gudun kilomita 285 a awa iska na danna ta da nauyin kilo 860, kamar an ɗora mata wata ƙaramar mota a ka. Amma ƙarshen gudunta 296 ne, ita kuwa GT3 zalla ta wancan lokacin da injinta bai kai na RS ƙarfi ba tana wuce 315. Kaga an sayar da gudun miƙaƙƙen titi ne an sayi kwana, kuma a filin tsere cinikin akwai riba dan a kwana ake cin lokaci. Bugatti Veyron ma in kana so ta kai ƙarshen gudunta na kilomita 407 a awa sai ka sa mata makulli na biyu, ta sauko ƙasa ta kwantar da fiffiken tukuna, in ka taka birki da gudu kuma ya miƙe tsaye ya tare iska yana taya birkin aiki.

Sifoila kuma daban ne fa, mutane na haɗa shi da fiffike. Shi ɗan leɓe ne a bakin but, iska ba ta bi ta ƙarƙashinsa, lalata mata tafiya kawai yake dan kar ta ɗaga bayan motar. Ƙarami ne amma ni na fi ganin girmansa wallahi. Audi TT ta farko ta fito a 1998 da baya sumul kamar ƙwai, kyakkyawa, sai ga haɗurra a babban gudu, bayan na yin sakayau, dole kamfanin ya kira motocin ya gyara ƙafafunsu ya manna musu ɗan leɓen. Porsche kuwa tun 1972 suka sa wa Carrera RS nasu, wanda ake ce wa wutsiyar agwagwa.

To ga inda nake da magana. Ƙarfin iska ba ya tafiya daidai da gudu, in ka ninka gudu sau biyu shi sau huɗu yake ninkuwa, in ka raba biyu ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ita RS ɗin nan a 200 kilo 409 take samu, yi lissafi da kanka, a 100 wajen kilo ɗari, a 50 wajen ashirin da biyar, kuma wannan motar da injiniyoyi suka ƙare kwanaki a ɗakin gwajin iska suna auna ta kenan, gaba da baya da ƙarƙashi duk an daidaita. Sai kaga mutum ya huda but ɗin motarsa ta zuwa aiki ya ɗaure wani ƙaton faranti da kusoshi huɗu, motar kuma tayoyin gaba ne ke jan ta, yana cikin gosulo yana jin shi ɗan tsere ne. Mai kawai yake ƙara sha, ya tare wa kansa madubi, in ma abin ya yi aiki to bayan ya danne gaban ya yi sauƙi, can inda sitiyari yake.

Ban ce kar kowa ya saka ba, ado ma ai dalili ne. Lamborghini Countach fiffikenta rage mata gudu yake kuma masu saye sun sani, suka dinga biyan ƙarin kuɗi a saka musu, ni kaina in na ga wadda ba ta da shi sai na ga kamar an yi mata aski. Abokin nawa dai har muka rabu bai yarda ba, wai shi yana ji a jikinsa tashi ta fi kama titi tun da ya ɗaura, nace a gudu nawa, yace tamanin.