Masu cewa a soke NHIS, inshorar lafiya ta Ghana, ku ɗan saurara

Jama'a wannan magana ta ishe ni wallahi, duk majalisar da ka zauna a Aboabo ko Asawase a nan Kumasi sai ka ji wani na cewa ai inshora ta mutu, farasitamol kawai suke bayarwa, gara a soke ta kowa ya huta. Ni dai ban yarda ba kuma ba zan yi shiru ba.

Duk wanda ya yi wayo kafin 2003 ya san zamanin cash and carry. Ka kai ɗan'uwanka asibiti yana numfashi sama-sama, babu mai taɓa shi sai ka ajiye kuɗi, sai ka ga ana bi gida-gida a Zango ana haɗa taro da sisi, mace na naƙuda mijinta na can yana neman rance. Tsohon shugaban ƙasa Kufuor ne ya kawo NHIS a 2003, a 2008 aka ce mai ciki ta yi awo ta haihu kyauta, yara ƙasa da shekara 18 da tsofaffi daga 70 aka ɗauke musu kuɗin shekara. Wannan ne za mu zubar don mun ji haushi?

Haushin kam gaskiya ne. Gwaggona mai hawan jini katinta na aiki, ta yi layi tun asuba, ta ga likita, ta je tagar magani aka ba ta ɗaya aka zagaye sauran da biro aka ce ta je waje ta saya, ta dawo gida da takardar a ƙulle bakin zani don ba ta da kuɗin. Wannan zalunci ne. Amma a tambaya me ya jawo? Asibiti ya yi aiki ya tura takardun kuɗinsa NHIA, hukumar da ke kula da inshorar, a yi watanni ba a biya ba, sidi na faɗuwa magani na tashi farashin da inshora ke biya na nan inda yake, to da me za su cika kantin maganinsu, ƙarshenta a kan talaka abin ke ƙarewa.

Kuma kuɗin nan namu ne fa. Harajin inshorar lafiya, wato NHIL, kashi 2.5 muna biyansa a kan kayan da muke saya, ma'aikata kuma ana ɗaukar kashi 2.5 daga kuɗin fanshonsu na SSNIT. A 2017 aka yi dokar da ta sa wa asusun inshorar iyaka gwamnati na karkatar da wani kaso wani wajen, sai a 2025 aka cire. To yanzu babu sauran uzuri, a biya asibitoci kan lokaci, wanda kuma aka biya ya sake karɓar kuɗin mai kati a hukunta shi.

Mu a Kumasi mun ga gyara da idonmu. A 2012 a kanmu aka gwada tsarin nan na ɗaure mutum da asibiti guda, mutanen Ashanti suka yi ta ƙorafi har aka janye shi, inshorar kuma tana nan.

Don Allah a daina mayar da abin NPP da NDC, zazzaɓi ba ya duba katin jam'iyya. Ku danna *929# ku sabunta katinku da MoMo, wato kuɗin waya, ku duba na iyayenku ma, in an karɓi kuɗinku a asibiti ku nemi rasit ku kai ofishin NHIS na gundumarku, in ɗan majalisarku ya zo suna ko ɗaurin aure ku tambaye shi watanni nawa asibitocin mazaɓarsa ke bin bashi.