Wai mai Facebook ne ya ƙirƙiro intanet!

Jiya da daddare ina zaune wajen mai shayin layinmu wasu samari suka kaure da musu, sai ɗaya daga cikinsu, ɗan aji uku a jami'a wai kuma kwamfuta yake karanta, ya buga ƙirji ya ce ai mai Facebook ne ya ƙirƙiro intanet, sauran duk suka gyaɗa kai. Wallahi shayin nan kasa shanye shi na yi. Waya na hannunsa, data na ciki, minti ɗaya ya ishe shi ya duba amma ina, ya gwammace ya faɗi abin da bai sani ba da ƙarfin murya.

Ƙannena, wannan ɗabi'a ta magana ba bincike ita ke cin raina, rashin sani ai ya fi dare duhu. Shi Zuckerberg, mai Facebook ɗin, a 1984 aka haife shi, Facebook kuma sai 2004, alhali tun 1969 aka fara haɗa kwamfutoci a Amurka da kuɗin gwamnati. Tarayyar Sobiyet ce ta harba tauraron ɗan Adam na Sputnik a 1957, hankalin Amurka ya tashi ta kafa hukumar bincike ta ARPA a 1958 ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, ita ta ɗauki nauyin ARPANET, wato haɗin kwamfutocin da ya zama tushen intanet. Ran 29 ga Oktoba 1969 wani ɗalibi, Charley Kline, ɗalibi fa irinku, ya zauna a jami'ar UCLA zai tura kalmar LOGIN zuwa cibiyar bincike ta Stanford, ya buga L ya buga O sai abin ya tsaya cak. Haruffa biyu kacal! Ba su ce a bar shi Allah bai yi ba, suka gyara suka sake, kafin shekarar ta ƙare wurare huɗu ne a haɗe. Ku kuwa netwok ya yi jinkirin sakan biyar kun fara tsine-tsine.

Shekara da shekaru ana dafa dutse, Vint Cerf da Bob Kahn suka fitar da tsarin TCP, ƙa'idar da kwamfutoci ke bi su aika wa juna saƙo, a 1974, sai 1 ga Janairu 1983 ARPANET ta koma kan TCP/IP, a 1986 kuma wani haɗin mai suna NSFNET ya zo ya haɗa jami'o'i, nan ma kuɗin gwamnati. Shi Tim Berners-Lee da ya ƙirƙiro www, wato tsarin shafukan da kuke buɗewa a intanet, a cibiyar binciken kimiyya ta CERN a Turai a 1989, a 1993 aka sake shi kyauta ga duniya, amma wa ya san sunansa a majalisarku? Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Kuma abin bai tsaya kan tarihi ba, haka kuke tura labarin mutuwar wanda ke raye, haka kuke tura maganin da ba likitan da ya san shi, ga fatawa kowa ya zama malami, na zagin iyayen mutane a kwament kuwa ban ma son in fara. Don Allah ku riƙa dubawa mana, me zai ragu a jikinku?

A da ɗalibi in aka tambaye shi abin da bai sani ba cewa yake bari in duba in dawo, ya taka har laburare ya yini, gobe ya zo da amsa a takarda, kuma ba ya jin kunyar hakan. Yaron jiya da na gaya masa duk wannan, cewa ya yi "to Yaya ai duk ɗaya ne", ya mayar da kansa kan TikTok.