Titin Vanderbilt: Ba Robert Moses ne ya kashe shi ba

Masu sha'awar tarihin motoci a Amurka suna da labarin da suke son bayarwa game da titin Long Island Motor Parkway, kuma a labarin akwai gwarzo, akwai mugu. Gwarzon shi ne William K. Vanderbilt na biyu, wanda a 1908 ya shimfiɗa titin da aka keɓe wa motoci kaɗai, irinsa na farko a ƙasar. Mugun kuwa Robert Moses ne, jami'in jihar New York da ya zo daga baya ya shimfiɗa titin kyauta kusa da shi, har na Vanderbilt ya durƙushe aka rufe shi a 1938. Labarin yana da daɗin ji, sai dai an tsallake rabinsa. A ganina titin ya zo duniya da ajalinsa a goshi, kuma dalilin yana cikin abin da ya sa aka gina shi tun farko.

Tseren motoci ba a fili na musamman ya fara ba. A kan hanyar kowa ya fara, hanyar da manomi ke bi da keken dokinsa, yara ke tsallakawa, kaji ke kiwo a gefe. A 1894 wata jaridar Faransa ta shirya gwajin motoci daga Paris zuwa Rouen. Shekara guda bayan haka aka yi Paris zuwa Bordeaux da dawowa, tafiyar kusan kilomita 1,180, inda Émile Levassor ya kwashe kusan awa 49 yana tuƙi, kusan ba barci. Daga nan sai abin ya zama yayi: kowace shekara injuna na ƙara girma, gudu na ƙaruwa, hanyoyin kuwa suna nan yadda aka san su, ƙura da ramuka da bishiyoyi a baki. A watan Mayun 1903 tura ta kai bango. Tseren Paris zuwa Madrid ya ci rayuka aƙalla takwas, direbobi da 'yan kallo, ciki har da Marcel Renault, ɗaya daga cikin 'yan'uwan da suka kafa kamfanin Renault. Gwamnatin Faransa ta tsayar da tseren a Bordeaux. Ko injin ba a bari an tayar ba, dawakai aka ɗaura wa motocin suka ja su zuwa tashar jirgin ƙasa.

Vanderbilt yana cikin waɗanda suka shiga wannan tsere, motarsa ce ta lalace a hanya. Ke nan ba labari aka ba shi ba. Matashi ne ɗan shekara 24 a lokacin, tattaɓa-kunnen Cornelius Vanderbilt wanda ya tara dukiya da jiragen ruwa da na ƙasa, kuma gudu ya shiga jininsa. A Janairun 1904 ya kafa tarihin gudu a kan yashin gaɓar teku a Florida, cikin Marsandi, kusan kilomita 148 a awa. A Oktoban wannan shekarar ya ɗauko abin da Faransa ta riga ta ji a jikinta, ya kawo shi ƙofar New York: tsere a kan hanyoyin jama'a na gundumar Nassau da ke tsibirin Long Island, zagaye ɗaya kusan kilomita 48, da ƙaton kofin azurfa wanda kamfanin Tiffany ya ƙera.

Hujjarsa ita ce motocin Amurka suna bayan na Turai, kuma gasa ce za ta zaburar da masu ƙera su. A nan ba zan ci haƙƙinsa ba, yana da gaskiya. Karo uku na farko motocin Faransa ne suka lashe kofin: George Heath da Panhard a 1904, Victor Hémery da Darracq a 1905, Louis Wagner shi ma da Darracq a 1906. Amma manoman Nassau, masu kai kayan gona kasuwannin New York, su ma suna da tasu hujjar. Da kuɗin harajinsu aka yi hanyar, don me za a rufe musu ita saboda wasan 'ya'yan masu kuɗi? Sun je kotu, ba su yi nasara ba. Aka malale hanyar da mai don kwantar da ƙura, aka busa usur.

Ya kamata mai karatu ya hango yadda motar tsere take a wancan zamani. Babu rufi, babu gilashin gaba, babu bel. Kujeru biyu ne a saman wani ƙaton inji, tayoyi sirara masu fashewa a kai a kai, birki kuwa sai a hankali. Kusa da direba akwai bakanike, kamar yaron mota a babbar mota, sai dai shi nasa aikin a cikin gudu yake yinsa: yana buga famfon mai da hannu, yana waiwaye ya ga wanda ke tahowa, idan taya ta fashe ya diro ya canza. Idan mota ta kife, yawanci shi ke fara tafiya. A tseren farko na 1904 wani bakanike, Carl Mensel, ya mutu. Sunayen direbobi aka zana a jikin kofi.

Babbar matsalar ita ce 'yan kallo. Jiragen ƙasa na musamman suna kwaso mutane daga New York tun cikin dare, kuma a 1906 an ƙiyasta taron ya haura dubu 200. Babu yadda za a yi a tsare hanyar kilomita arba'in da wani abu daga irin wannan taro. Mutane sukan cika tsakiyar hanya suna leƙen mota, sai ta matso su dāre, ta wuce su koma. A wata kwana da ake kira Krug's Corner motar Elliott Shepard, ɗan'uwan Vanderbilt ɗin, ta afka cikin jama'a ta kashe wani ɗan kallo mai suna Curt Gruner. A 1907 ba a yi tseren ba.

Daga wannan mutuwa titin ya fito. Vanderbilt da abokansa masu kuɗi suka kafa kamfani don gina hanya tasu ta kansu, a killace, wadda ba mai tsallaka ta. Aka fara aiki a Yunin 1908, zuwa Oktoba an buɗe kilomita 14 na farko. Abin da suka yi sabon abu ne a duniya, wannan ba gardama. An shimfiɗa kankare mai ƙarfe a ciki lokacin da galibin hanyoyin Amurka turɓaya ne. An karkata kwanoni yadda mota za ta sha su ba tare da rage gudu ba. An sa shinge a gefe. Mafi muhimmanci, an kawar da mararraba: duk inda titin ya haɗu da wata hanya ko layin dogo, ko dai ya bi ta sama ko ya bi ta ƙasa, har gadojin suka haura 60. Titin AVUS na Berlin sai 1921 aka buɗe shi, babbar hanyar Milan zuwa Varese ta Italiya sai 1924. Ɗakunan karɓar kuɗi na farko John Russell Pope ne ya zana su, wanda daga baya ya zana ginin tunawa da tsohon shugaban Amurka Jefferson a Washington, kuma mai karɓar kuɗin da iyalinsa a ciki suke zaune.

To, ya biya buƙatar da aka gina shi dominta? Bai biya ba. Titi ne miƙaƙƙe, tsere kuwa zagaye yake buƙata, don haka dole motoci su sauka daga kankaren su koma hanyar jama'a kafin su zagayo. A 1908 abin ya yi armashi, George Robertson ya ci kofin da Locomobile, karon farko da motar Amurka ta yi nasara, motar da har yau tana gidan tarihi na Henry Ford a Michigan. Harry Grant ya ci a 1909 da 1910 da motar ALCO. Amma tseren 1910 ya ƙare da gawar bakanike biyu, ɗaya daga cikinsu na direba Louis Chevrolet ne, ga 'yan kallo da dama da suka jikkata. Daga nan New York ta rufe ƙofar tsere a hanyoyinta. Kofin ya shiga yawo, Savannah, Milwaukee, Santa Monica, San Francisco, har ya tsaya bayan 1916. Sau uku kacal aka yi gasar kofin a titin da aka gina saboda ita. A halin da ake ciki Ingila ta buɗe Brooklands a 1907, Indianapolis ta buɗe nata a 1909: fili killatacce, mai ƙofa, mai tikiti. Su ne suka gano amsar tsere, ba Vanderbilt ba.

Sai titin ya koma neman abinci da kuɗin shiga. An kai shi tafkin Ronkonkoma a 1911, daga baya aka ja shi yamma cikin Queens, wani yanki na birnin New York, tsawonsa ya kai kusan kilomita 72, duk da cewa shirin farko shi ne a dangana da garin Riverhead da ke gabashin tsibirin. Kuɗin shiga dala 2 ne, a zamanin da leburori da yawa ba sa samun fiye da haka a wuni. Wannan farashi shi kaɗai ya faɗi waɗanda aka yi wa titin: masu manyan gidaje a arewacin tsibirin, masu direba da hular aiki, masu zuwa cin abinci a masaukin Petit Trianon da aka gina a bakin tafkin. A shekarun haramcin giya, daga 1920 zuwa 1933, ya samu wasu abokan ciniki, masu fasa-ƙwaurin barasa, domin hanyar kamfani ce, 'yan sanda ba su cika sintiri a kanta ba.

Ga abin da masu labarin gwarzo da mugu ba sa so su tsaya a kai. A watan Oktoban 1908, watan da aka buɗe titin, a watan ne Henry Ford ya fito da Model T a kan dala 850. Kafin tsakiyar shekarun 1920 farashinta ya faɗo ƙasa da dala 300, kuma zuwa 1927 an ƙera miliyan 15. Mota ta fita daga hannun 'ya'yan gata ta shiga hannun malamin makaranta da mai kanti da manomin da ya kai Vanderbilt ƙara. Titin da faɗinsa na farko ƙafa 16 ne, wanda ko da aka faɗaɗa bai wuce 22 ba, mai gadoji masu tudu da kwanoni irin na motocin 1908, ba zai ɗauki wannan ambaliya ba. Kuma mutumin da ya yi tanadi shekara da shekaru ya sayi mota ba zai riƙa biyan dala ɗaya ko biyu duk fita ba. An yi ta rage kuɗin, zuwa dala ɗaya da rabi, zuwa dala ɗaya, a ƙarshe zuwa santi 40. Ciniki bai tashi ba.

Moses ya zo ne ya tarar da mara lafiya. Da ya buɗe Northern State Parkway a farkon shekarun 1930, mai faɗi, na zamani, kuma kyauta, masu mota ba su jira an ba su shawara ba. Vanderbilt ya nemi jihar ta sayi titinsa ta haɗa da nata, Moses ya ƙi. A watan Afrilun 1938 aka rufe shi, aka miƙa filin ga hukumomi a madadin bashin haraji na kusan dala dubu 80, bayan miliyoyin da aka zuba. Kada a ɗauka ina wanke Moses ne. Titunansa ba sa karɓar manyan motoci da bas-bas na haya, wato wanda ba shi da motar kansa ba da shi aka yi ba, kuma shi ma da ya iso unguwannin attajirai ya lanƙwasa hanyarsa ya kauce wa gidajensu. Amma a kan tambayar ko hanyar shiga babban birni ta zama ta kamfani mai ƙofa ko ta jama'a, shi ne ya karanci zamani daidai.

Akwai masu cewa wannan labari hujja ce cewa titin kuɗi ba ya ɗorewa. Ban yarda ba. Pennsylvania Turnpike an buɗe shi a 1940, shekara biyu kacal bayan rufe na Vanderbilt, da kuɗin shiga, kuma har yau ana bi ana biya. Bambancin shi ne mai biya yana ganin abin da ya saya: awanni da ya rage a tafiya, ramukan da aka huda a duwatsu, hanyar da manyan motocin kaya ke bi. Mu da muka ga an rushe shingayen karɓar kuɗi a manyan titunan tarayya a zamanin Obasanjo, kuma muke jin zancen dawo da su, wannan ce tambayar da ta shafe mu: me direba zai samu a bayan shingen wanda babu shi a hanyar da ke gefe? A 1908 amsar Vanderbilt tana da ƙarfi, kankare ne a tsakiyar turɓaya. A 1933 ba shi da amsa.

Abin da ya rage na titin yau a warwatse yake. A gundumar Suffolk kusan kilomita 20 suna nan motoci na bi, da sunan Motor Parkway. A Nassau wani ɓangare ya zama hanyar turakun lantarki, wani ya shige bayan gidajen mutane, inda akan ci karo da gutsuren kankare ko turken shinge a cikin ciyawa. Wurin da rumfar manyan baƙi take a tseren 1908 yanzu unguwar Levittown ce, gidajen da aka fara ginawa a 1947 don tsofaffin sojoji da masu matsakaicin ƙarfi. Ɗakin karɓar kuɗi na Garden City an ɗauke shi ɗungurungum an canza masa wuri a 1989. Kofin yana hannun cibiyar Smithsonian. A Queens kuwa, Moses ɗin da ake zargi shi ne ya mayar da ɓangaren da ke tsakanin Cunningham Park da Alley Pond Park hanyar kekuna tun a 1938, kuma a 2002 aka sa shi cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa. Masu keke da masu tafiya a ƙasa ne ke bin sa, ba a karɓar ko santi, kuma an hana mota shiga.