Furen Florida da madobiyar Taraba

A lambun Maclay da ke Tallahassee, babban birnin jihar Florida inda nake zaune, akwai wani ɗan tsiro da ake kira Chapman rhododendron. Ba a cin 'ya'yansa, ba a samun katako a jikinsa, inuwarsa ma ba ta isa mutum ya fake ba. Abin da ya iya kawai shi ne fitar da furanni masu ruwan hoda a wajejen Maris da Afrilu.

Amma duk duniya ba inda yake tsirowa da kansa sai 'yan wurare kaɗan a arewacin Florida. Kamfanonin katako sun share dajin sun shuka itacen yin takarda, masu sha'awar furanni kuma suka riƙa tumɓuke shi zuwa gidajensu. A 1979 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin tsirran da ke gab da ƙarewa. Sunan ma na wani likita ne, Alvan Chapman, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin tsirran yankin.

Ni ban ɗauki lambu a matsayin mafita ba, tsiro a daji ya kamata ya rayu. Sai dai ko dajin ya tafi, iri yana nan a hannu.

Mu fa? Madobiya ba ado ba ce. Makiyaya na sassabo ganyenta su ba shanu a tsakiyar rani, kafintoci sun san darajar katakonta, masu maganin gargajiya sun san ɓawonta. Duk da haka muna ji muna gani aka riƙa lodin gungumenta daga Taraba zuwa Sin, har 'yan kasuwa suka laƙaba mata suna "Madrid". Sai a 2016 CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta tsaurara cinikinta, bayan an riga an yi ɓarna. Wallahi abin yana ci mini rai.

In aka tashi gangamin dashen itatuwa kuwa, darbejiya da turare ake rabawa, ɗaya daga Indiya, ɗaya daga Ostareliya. Suna da amfaninsu, ban musa ba. Amma jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato suna da filaye da malaman tsirrai. Su ware gefe guda su tara madobiya da ɗorawa da kaɗanya da ɗinya daga garuruwa daban-daban, a rubuta inda aka samo kowacce, a kuma ware kuɗin ban ruwa da albashin mai kula da su.