Ƙararar da ake sayar wa 'ya'yanmu a kwalba

Ɗan yayata ne ya kawo mini kwalbar ranar Asabar. Yana ajin ƙarshe a jami'a, jarrabawa saura sati uku. Ya ce, "Kawu, duba mini wannan, an ce yana ƙara dofamin, mutum ya nutsu a karatu." Ta intanet ya saya, da kuɗin da zai yi cefanen gidansu na kwana huɗu. Na juya kwalbar, sai na ga an rubuta Mucuna pruriens. Gabana ya faɗi. Na ce da shi, ka san mece ce wannan? Ƙarara ce. Ƙararar da muke gudu a bakin rafi muna yara, wadda in gashin kwasfarta ya taɓa ka sai ka yi ta susa har fata ta ɗaye. Ƙwayarta aka niƙa aka ɗura a kafso.

Tun ranar abin ke ci mini rai, domin na san yaran da ke haɗiyar irin wannan suna da yawa.

Ga yadda abin yake. Ƙwaƙwalwa da kanta take haɗa dofamin, wani sinadari da ke isar da saƙo tsakanin ƙwayoyinta. Tana farawa da wani sinadari mai suna tayirosin, wanda ke cikin nama da ƙwai da wake da gyaɗa da nono da awara. Ta mayar da shi L-dopa, sannan ta mayar da L-dopa dofamin. Matakin farkon nan yana da mai gadi, wani sinadari da ke taƙaita aikin, kuma da dofamin ya wadata sai ya rage gudu. Kamar injin niƙa ne a unguwa: ko buhu goma ka jibge a ƙofa, iya ƙarfinsa zai niƙa. Saboda haka mai lafiya, mai cin abinci, in ya sayi kafson tayirosin, galibi kuɗinsa kawai ya zubar. Inda bincike ya ga ɗan amfaninsa shi ne wajen mutanen da aka hana barci ko aka sa cikin tsananin sanyi, irin gwajin da aka yi wa sojoji, shi ma na ɗan lokaci. An gwada shi ga manya masu matsalar rashin nutsuwa, bayan 'yan makonni amfanin ya gushe.

Ƙarara kuwa ta wuce nan. Akwai L-dopa da kansa a cikin ƙwayarta, wato ta tsallake mai gadin. Kuma L-dopa magani ne na asibiti, mai tarihi. A 1957 Arvid Carlsson, ɗan ƙasar Suwidin, ya ba zomayen da magani ya sandarar da su L-dopa, suka miƙe suna motsi, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2000. A 1967 likita George Cotzias a Amurka ya nuna yana tayar da masu cutar Parkinson, cutar karkarwa da sandarewar jiki, wadda ke zuwa idan ƙwayoyin da ke yin dofamin a ƙwaƙwalwa suka mutu. Su waɗannan bayin Allah rashi gare su na gaske, maganin rahama ne a wurinsu. Duk da haka likita ke auna musu, ana haɗa shi da wani magani mai suna kabidofa don kada ya narke a jini kafin ya isa ƙwaƙwalwa, don a rage tashin zuciya da amai. Kuma likitan na sa ido a kan jiri, da faɗuwar jini in an miƙe tsaye, da fizge-fizgen gaɓoɓi, da gane-gane.

Gane-ganen nan ne ya fi tsorata ni. A 1989, lokacin fari da yunwa a lardin Nampula na Mozambik, mutane suka koma cin ƙarara. Ruwa ya yi ƙaranci, maimakon a zubar da ruwan dahuwar kamar yadda aka saba, sai aka riƙa sha. Cikin makonni shida mutum sama da 200 suka samu ruɗewar hankali. Magungunan da ake ba masu taɓin hankali a asibitocinmu, yawancinsu toshe hanyar dofamin suke yi. To ka ɗauki yaron da ke da wannan larura a danginsu, bai sani ba, ka miƙa masa abin da ke hura wutar. Wa zai ɗauki alhakin?

Ga shi kuma ba ka san nawa ka haɗiya ba. Da yawan kwalaben nan daga Amurka suke, inda dokar 1994 ta ba da damar sayar da irinsu ba tare da an gwada su kamar magani ba. A 2022 masu bincike suka auna kwalaben ƙarara a can, suka tarar abin da ke ciki ya sha bamban da abin da ke jikin takarda.

Masu tallan sun ce dofamin sinadarin farin ciki ne, wai in ka ji kasala tankinka ne ya yi ƙasa. Masana sun daɗe da nuna cewa aikinsa ya fi karkata ga so da nema da ɗoki, wannan jan da ke sa hannunka komawa waya sau ɗari a yini. Babu kuma gwajin jinin da zai gaya wa mutum dofamin ɗin ƙwaƙwalwarsa ya ragu. Baƙin ciki mai tsawo da rashin nutsuwa na gaskiya suna da likitocinsu da maganinsu, kuma babu kunya a neme su.

Na tambayi yaron ƙarfe nawa yake kwanciya. Ya sunkuyar da kai, ya ce uku na dare, wayar na kan ƙirjinsa, ya tashi asuba. Karin kumallo shayi ne ba burodi. Kwana biyar da fara shan kafson, ya ce zuciyarsa na tashi kowace safiya, jiya ma ya miƙe daga sujada sai da ya dafa bango. Na karɓe kwalbar na kulle a durowa. Na ce gobe da safe zan raka shi ya ga likita a auna jininsa, wayar kuma daga ƙarfe goma a ɗakin mahaifiyarsa za ta riƙa kwana har a gama jarrabawa. Ya yi shiru jim, sannan ya ce, "Kawu, abokaina uku ma sun saya." Na ce ya kira mini su yanzu.