Makin CA da ba ya nuna mana inda yaro ya makale

Duk ƙarshen zangon karatu a jihar Kaduna, daga Tudun Wada zuwa Rigasa, daga Kawo har Zariya, aiki ɗaya ake yi a ofishin malamai: an baje takardun maki ana cike gurbi. Tes na farko 10, na biyu 10, aikin gida 10 ko 20, jarrabawa 60 ko 70. A tara, a fitar da na ɗaya da na kashin baya. Yaro ya kai kati gida, uba ya ga 48 a lissafi, ya ce masa ya ƙara ƙoƙari. A ina zai ƙara? Uban bai sani ba, yaron bai sani ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, sau da yawa malamin da ya ba da makin ma ba zai iya nuna takamaiman abin da ya gagari yaron ba.

Ba don haka aka kawo CA ba, wato makin tes da aikin gida da ake tarawa a tsawon zango kafin jarrabawa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 da tsarin 6-3-3-4 da ya biyo bayanta sun shigo da shi ne domin a daina rataya makomar yaro a kan jarrabawar rana ɗaya, kuma malami ya riƙa ganin ciwo tun yana ƙarami. Mu kuwa sai muka mayar da shi ƙananan jarrabawoyi uku da ake yi a gurguje saboda hedimasta yana jiran takarda.

A 1998 wasu masana biyu na Ingila, Paul Black da Dylan Wiliam, sun tattara bincike wajen 250 a kan gwajin da ake yi cikin aji. Sun gano cewa gwajin da malami ke amfani da sakamakonsa ya gyara darasin gobe yana ɗaga karatun ɗalibai sosai, kuma waɗanda suka fi cin moriyarsa su ne yaran da ke baya. Ku lura da sharaɗin, malamai 'yan uwana: sai an yi aiki da sakamakon. Yawan tes shi kaɗai bai taɓa koya wa kowa komai ba.

Bari mu sauko ƙasa. Malamar aji uku ta rubuta a allo: 52 a ɗebe 38. Ta ba da zaɓi huɗu: 14, 26, 24, 90. Ba a ka ta zaɓo lambobin nan ba. Yaron da ya ce 26 yana ɗebe ƙaramin lamba daga babba ne duk inda ya gan su, 2 daga 8, 3 daga 5. Bai san aro ba sam. Wanda ya ce 24 ya san aro, ya ɗebe 8 daga 12 daidai, amma ya manta ya rage biyar ɗin ta koma huɗu. Wanda ya ce 90 tarawa ya yi, ko dai bai lura da alamar ba ko bai fahimci umarnin ba. A takardar maki dukkansu sifili ne, ga shi kuwa cuta uku ce daban-daban, kowacce da maganinta. Mai 24 tunatarwar minti biyu ta ishe shi. Mai 26 sai an koma da shi kan tsinken tsintsiya, ɗauri biyar na goma-goma da guda biyu a warwatse, ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa ya ga inda 12 ta fito.

Na san abin da za a ce: aji mai yara 90, wa zai iya? Gaskiya ne. In malami zai ba kowane littafi minti uku, awa huɗu da rabi ke nan a kan aiki ɗaya. Shi ya sa ba a littafi ake wannan gwajin ba. A ce kowa ya rufe ido, a ƙirga zuwa uku, kowa ya ɗaga yatsu: ɗaya ga amsar farko, biyu ga ta biyu, har huɗu. Rufe idon yana da muhimmanci, in ba haka ba rabin aji zai bi hannun wanda aka sani da ƙoƙari. Cikin daƙiƙa ashirin malama ta ga ajinta gaba ɗaya. In mafi yawa sun ci, ta wuce, ta ware sauran a ƙarshen darasi. In aji ya rabu biyu, ta sa kowa ya juya ga na kusa da shi ya kare amsarsa, sannan a sake ɗaga hannu. In mafi yawa sun faɗi, bayanin ne bai shiga ba, a sake shi ta wata hanya. Abin da ya kamata a bari shi ne tambayar nan ta "Kun gane?" da ake amsawa da "E, malam!" baki ɗaya. Ba ta auna komai sai ladabi.

Akwai kuma gaggawa. Mary Budd Rowe, wata mai bincike a Amurka, ta auna tun a shekarun 1970 cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya ne kacal bayan sun yi tambaya. Da aka ja jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara buɗe baki. Daƙiƙa uku ba ta bukatar kasafin kuɗi.

Sai batun jan biro. Binciken Ruth Butler na 1988 ya raba yara gida uku: wasu aka ba su maki kawai, wasu sharhi kawai a kan aikinsu, wasu maki da sharhi tare. Masu sharhi kawai su ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa wa biyun ba su fi masu maki kawai ba, domin da zarar yaro ya ga 4 cikin 10, ya leƙa na abokinsa, ya rufe littafi. Amma a kula, "Madalla" da "Ƙara ƙoƙari" ba sharhi ba ne. Sharhi shi ne: "Sakin layinka na biyu yana da dalili amma babu misali, kawo ɗaya." Kuma a ware minti goma na farkon darasi na gaba domin kowa ya yi gyaran nan take. Sharhin da ba a ba yaro lokacin aiki da shi ba, wahalar banza malami ya sha.

Inda na fi so a tsaya a yi tunani shi ne nan. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗaliban jami'a a Amurka wani rubutu. Kashi ɗaya suka yi ta maimaita karanta shi har zama huɗu. Ɗaya kashin suka karanta a zama ɗaya, sannan a zama uku aka karɓe takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba, sun tuna kashi 83 cikin ɗari, masu tunowa kuma 71. Bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu maimaitawa suka sauko 40, masu tunowa suna da 61. Kuma masu maimaitawar su ne suka fi tabbacin za su tuna. Wato ƙoƙarin jawo abu daga ka shi kansa karatu ne, ya fi kallon shafi.

To wannan ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam. Mahaddaci ba ya barin tilawa, yana komawa baya kullum don kada abin da ya wuce ya zube. Gwaji ne na kowace rana, babu maki, babu na ɗaya, kuma ba a gaba sai na baya ya zauna. Hadda daban, fahimtar lissafi ko kimiyya daban, na yarda. Amma dabarar komawa baya da tunowa ba tare da duba littafi ba, ita ce binciken ke nunawa, mu kuma muka ajiye ta a ƙofar makarantar boko. Tambaya biyar a farkon kowane darasi, littattafai a rufe: biyu daga darasin jiya, biyu daga makon da ya wuce, ɗaya daga watan jiya. Kowa ya duba wa kansa. Kada a sa shi cikin CA, domin da an ce akwai maki, satar amsa ta shigo, malami kuma ya rasa gaskiyar da yake nema.

Duk wannan yana tsaye ne a kan cewa yaron yana iya karatu. Rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 masu shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta. Ƙungiyar Pratham ta Indiya tana da gwaji mai sauƙi na shafi guda, wanda aka riga aka yi aiki da irinsa a Borno da Kano: haruffa, kalmomi, gajeren sakin layi, sai labari. Ana zama da yaro shi kaɗai, minti biyar, a fara daga sakin layi. In ya iya a hau, in ya kasa a sauka. Sai a haɗa yara bisa matakin da suke, ba bisa ajinsu ba, na awa ɗaya ko fiye a rana, a sake gwadawa bayan 'yan makonni. A yi gwajin da Hausa ga yaron da Hausa ce harshensa. In ka gwada shi da Turanci ya kasa, ba ka san ko karatu ne bai iya ba ko harshen ne ya tare shi.

Manyan makarantu ma ba su tsira ba. A jami'a da kwalejin ilimi da foliteknik, aji ya kai ɗari biyar, dole aka koma tambayoyin canki-canka, wasu a kwamfuta. Ba laifi. Laifin shi ne ba a gwada tambayoyin su kansu. Hanyar tsohuwa ce kuma Excel ya isa. A jera ɗalibai daga mai maki mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, a ɗauki kashi 27 cikin ɗari na sama da 27 na ƙasa. Mu ce ɗalibai 100 ne. A tambaya ta 7, mutum 24 na sama sun ci, 9 na ƙasa sun ci: bambancinsu 15, a raba da 27, ya ba da 0.56, tambayar tana rarrabe wanda ya sani da wanda bai sani ba. A tambaya ta 12, na sama 10, na ƙasa 14. Sakamakon ya faɗa ƙasa da sifili. Ƙwararrun ɗalibai sun fi faɗuwa, ma'ana ko amsar da aka sa wa na'ura kuskure ce, ko tambayar tana da harshen damo. Duk wadda ta gaza 0.2 a sake duba ta kafin a fitar da sakamako. Tambaya biyu irin wannan sun isa su jefa ɗalibin da ke kan gaɓa cikin kari-oba, ya ƙara shekara a kan kuskuren da ba nasa ba. A duba zaɓuɓɓukan kuma: wanda babu ɗalibi ko ɗaya da ya taɓa, ado ne kawai, ya sauƙaƙa wa mai canka. Abin takaici, ana koyar da duk wannan a kwas ɗin awo da kimantawa a tsangayoyin ilimi, ɗalibi ya haddace ya ci jarrabawa, ya zama malami bai taɓa yi wa tambayarsa ko sau ɗaya ba.

Mu a Kaduna mun san nauyin gwaji. A 2017 an yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, aka sanar cewa 21,780 ba su kai kashi 75 da aka gindaya ba. An yi ta muhawara, har yau ana yi, amma abin da ya zauna a bakin mutane shi ne adadin. Ba na so mu ci gaba da yi wa yara haka, mu san nawa suka faɗi, mu kasa sanin me ya kayar da su. Jiha ce da ke da Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da hedikwatar hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ABU da KASU. Masana ba su yi mana ƙaranci ba.

Shugabannin makarantu, in malami ya kawo takardar CA, ku nemi ya haɗo da rabin shafi: tambayoyi uku da aji ya fi faɗuwa a kai, amsar kuskuren da ta fi yawa a kowacce, da ranar da zai sake koyar da su. Malaman sakandare, rahoton manyan masu duba jarrabawa na WAEC yana intanet, darasi-darasi, yana faɗin inda ɗalibai ke tuntuɓe kowace shekara; a buɗe shi a taron sashe tun zangon farko. Iyaye kuma, ranar karɓar kati, bayan an gaisa, ku ce: "Malam, wane abu ɗaya ne yaron nan bai iya ba tukuna, mu taya ka da shi a gida wannan hutun?"